Huhun Ɗan Mai Algaita

Duk shekara ana auna huhun masu haƙar uranium a Arlit. Bana Almu direba ya shiga layi yana cika baki, wai ubansa mai algaita ne a Damagaram, kuma a hannunsa ya koyi busa.

Sa'a, ma'aikaciyar jinya, ta miƙa masa bututun na'ura. "Baba Almu, ka cika ƙirji, ka hura har iskar ta ƙare."

Almu ya kumbura kumatu ya fara. Iska ta ƙi ƙarewa, domin yana shaƙa ta hanci yana turawa ta baki, yadda masu algaita ke yi. Na'ura ta nuna huhun da ko raƙumi bai da irinsa. 'Yan layi da ke leƙe suka kama tafi.

Sa'a ta rufe ƙofa, ta ɗauko ɗan abin matse hanci ta maƙala masa. "Sake hurawa."

Bai je ko'ina ba tari ya sarƙe shi, idanu jajur.

Da ya dawo hayyacinsa, sai ya rage murya. "'Yata, rubuta na farkon mana. Akwai mutanen garinmu a layi."