Sanda ta Bakwai a Gidan Abu Nawwaf

Shekara shida Yacouba yana riƙe da makullin durowar gilashi a gidan Abu Nawwaf, can bayan unguwar Ulaya. Mutumin Maraɗi ne, masassaƙi, turmi da taɓarya ya tashi yana yi kafin neman abinci ya kawo shi Riyad. Abu Nawwaf, kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a kan zamansa a ƙasar, a Amurka ya yi karatu, ya dawo da son wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da sandar katako. Sanduna goma sha ɗaya ya tara, kowace an ce wani shahararren ɗan wasa ne ya buga wasa da ita. Yacouba ne mai goge gilashin, shi ke duba sanyin ɗakin, kuma ba ya taɓa ko ɗaya sai da safar hannu.

Ran wata Talata da hantsi aka ɗauko wani Bature daga otal, Mista Halvorsen, wanda sana'arsa ke nan, tantance sandar da aka yi wasa da ita da wadda aka yi wa kwalliyar ƙarya. Yacouba yana miƙo masa su ɗaya bayan ɗaya. Rabilu direba, ɗan Kano mai jin Turanci, yana tsaye bakin ƙofa yana raɗa masa abin da ake cewa.

Baturen ya auna tsayi, ya ɗora a sikeli, ya duba takardun masana'anta, ya haska fitila. Shida suka wuce lafiya. A ta bakwai ya daɗe yana juyawa, sannan ya cire tabarau.

"Ya ce tabon ɗinkin ƙwallon da ke jikinta duk zurfinsu ɗaya, dannawa aka yi, ba duka ba ne," in ji Rabilu a hankali. "Ƙaron da ke mariƙin ma ba hannun da ya taɓa damƙar sa. Jabu ce."

Abu Nawwaf ya miƙe. Wannan sandar amininsa ne ya samo masa, ita ya fi nuna wa baƙi. Bai ko kalli Baturen ba, kan Yacouba ya juyo.

"Ina ta ainihin?"

"Wace ta ainihi, ranka ya daɗe?"

"Makulli ɗaya ne, yana hannunka. Kai kafinta ne, ka iya sassaƙa. Wa ka sayar wa?"

Yacouba ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Kafin ya haɗa Larabcin amsa, Abu Nawwaf ya sa Rabilu ya je ɗakin Yacouba ya ɗauko jakarsa. A tsakiyar majalisi, ɗakin baƙi, aka zazzage ta a gaban baƙo: riguna, maganin ciwon baya, turmin atamfar da ya saya wa matarsa Zouera a kasuwar Dira, har da kamfai. Abu Nawwaf yana tura kayan da ƙafa yana cewa yau shurɗa, wato 'yan sanda, za su zo, iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, ta ƙare ke nan.

"Yi haƙuri, Malam Yacouba," Rabilu ya ce, idonsa a ƙasa. "Kada ka tanka."

"Kada in tanka? Furfurata ka gani! Ni za a kira ɓarawo a kan guntun icen da ko taɓarya ba zai yi ba?"

Ya fizge safar hannun ya yar, ya ɗauki sandar da tsirarar hannu. Ya zaro waya ya yi ta ja da baya cikin hotuna, har ya kai shekara huɗu. Ranar da aka kawo sandar ya ɗau hotonta ya aika wa wansa Issoufou yana tambayar ko ya san irin icen. Ga ta nan cikin kwalinta, ga hannun Abu Nawwaf da zobensa a gefe.

"Rabilu, gaya wa Baturen nan ya dubi nan, kusa da gindi. Jijiya uku na icen sun taho sun haɗe, sun kewaye wannan ɗan idon. Ya dubi hoto. In akwai masassaƙin da ya iya shuka jijiya a cikin ice, a nuna mini shi!"

Mista Halvorsen ya karɓi wayar, ya buɗa hoton, ya jera shi da sandar. Ya ƙirga layukan da bakin biro, sau biyu. Sannan ya yi wa Abu Nawwaf magana a natse.

"Ya ce ita ce, ba a canza ba," in ji Rabilu, wannan karon da ƙarfi. "Ya ce su ma haka suke yi da hotunan filin wasa. Tun ranar da ta shigo gidan nan jabu ce."

Yacouba ya tsaya yana jiran kalma ɗaya ta ban haƙuri. Abu Nawwaf ya gyara zaman ƙyallen kansa, ya dubi agogo.

"Halas. Mayar da ita wurinta. Kuma kada in ji maganar nan a waje. Kwashe tarkacen nan, a kawo wa baƙo gahawa."

"Shi ke nan?"

"Me kake so kuma?"

"Ka taka kayan matata da takalmi. Wanda ya cuce ka kana jin kunyarsa, ni da na tsare maka kaya shekara shida ni ne ba ni da mutunci!"

Ya ajiye sandar a kan tebur, ya ɗora makullin kusa da ita. Ya durƙusa ya ninke kayansa ɗaya bayan ɗaya, bai yi sauri ba.

Sati uku Abu Nawwaf yana aiko Rabilu da saƙon ya dawo bakin aikinsa, an ƙara masa hutu. Yacouba ya ce a gaya masa canjin kafili kawai yake so. A wata na biyu aka sa hannu, ya koma wani shagon kafinta a unguwar Utaiƙa, yana haɗa ƙofofi. Rabilu ya zo gaishe shi wata Juma'a, ya ce har yanzu sandar tana cikin gilashi, kuma aminin nan yana zuwa cin abinci duk Alhamis.

Yacouba ya yi tsaki, ya ce masa ya matsa daga kan katakon, zai yanka.