Tirelar Kofur Hamma

Tun kafin a haifi Nu'uman tirelar take yashe a bayan gidansu a Zango. Ƙarama ce mai ƙafa biyu, irin wadda motar soja ke ja. Kakansa Kofur Hamma ne ya dawo da ita bayan yaƙin basasa, kuma har ya rasu bai faɗa wa kowa yadda ta zama tasa ba.

Da rijiyar unguwa ta ƙafe, Nu'uman, wanda walda ce sana'arsa, ya jawo ta ƙofar gida. Ya kankare tsatsa, ya liƙe inda ta huje, ya samo tayoyin tsohuwar a-kori-kura a Daura. Nufinsa ya ɗora mata duro, shanu su riƙa jan ta zuwa rijiyar burtsatse.

Yana cikin aiki wata la'asar sai ga baƙo a kan babur. Ya ce sunansa Mahdi, daga Kaduna. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tirelar, ya goge lambar jikinta da yatsa, ya ɗauki hoto da waya.

"Irin wannan ta yi wuyar gani," in ji shi. "A nan waje take kwana?"

Nu'uman ya ci gaba da aikinsa. Da baƙon ya tafi, goggonsa Shatu, 'yar autar Kofur, ta fito daga zaure.

"Mai son ƙarfe ba ya tambayar makwanci," ta ce. "Je ka shaida wa mai unguwa."

Kashegari da baƙon ya dawo, sai ya tarar da mai unguwa da dattawa zaune a kan tabarma. Aka tambaye shi me yake nema. Bai daburce ba. Ya ce mahaifinsa ya yi aikin soja tare da Kofur, ya kuma miƙa wayarsa: wani tsohon hoto ne, sojoji tsaye kusa da tirela.

Aka kai wa Shatu wayar cikin zaure. Ta daɗe tana kallo.

"Zai iya zama Baba," ta ce. "Zai kuma iya zama kowa."

Mahdi ya nemi a sayar masa, aka ce gado ce. Ya yi godiya ya hau babur ɗinsa. Nu'uman ya lura ba hanyar Daura da za ta kai shi Kaduna ya bi ba, arewa ya nufa, wajen iyaka. Ba a sake ganinsa ba.

A makon nan Nu'uman ya fasa katanga ya faɗaɗa ƙofa, tirelar ta koma kwana cikin gida. Koren fentin da ya saya don ya maido mata kamanninta na soja ya ajiye shi, ya shafe ta da shuɗi. Ranar Asabar ta kawo ruwanta na farko, matan unguwa suka aiko da bokitai.