Gawayin Hajja Kaka

Tun tasowar Hajja Kaka abin da ta sani shi ne, in gawayi ya faɗa randa tsame shi ake yi. Sai ga Sama'ilu duba-gari ya taso takanas daga Kazaure, yana tuttula ruwan sha a kan gawayi.

A shekarar da kuɗin fetur ya kawo masu aikin hanya Kanya Babba, sun binne tsofaffin batura da baƙin mai kusa da rijiyar unguwa, suka yi gaba abinsu. Ruwa ya koma warin gas, Mairam jikar Hajja Kaka ta kwanta da murɗar ciki.

"Wannan ba gawayin girki ba ne, Hajja," in ji Sama'ilu, yana cusa shi a gangar tace ruwa. "Gasa shi aka yi da tururi har ya yi ƙofofin da ido ba ya gani. Su ke kama dafin ƙarfe da na mai."

Ko kalma ba ta gane ba. Amma ruwa ya fito garau, Mairam ta miƙe har tana tsokanar awaki.

Bayan damina ya dawo da sabon buhun gawayi, ya juye tsohon a ƙwarya.

"Ya ƙoshi, Hajja. A binne shi nesa da rijiya."

Ta juya shi a tafin hannu. Baƙi ya zo, baƙi yake. Da me ya ƙoshi? Kuma wane mai hankali ne zai binne abin da ya tashi yarinya daga tabarma? Ita da ko ɓawon gyaɗa ba ta zubarwa. Ta shanya shi, ta daka lukui, ta adana a tukunya.

Ciwon Mairam ya dawo, har dasashinta ya yi duhu. Tsoro ya kama tsohuwa, ta aika a kira Sama'ilu. Ya sansana ruwa, ya kurɓa, ya kwance ganga ya mayar. Kansa ya ɗaure.

"Ruwan nan lafiyarsa ƙalau. Me take ci?"

"Kokonta kawai, ɗana. Sai maganinka da nake barbaɗa mata kullum safe. Da na ga jikin ya ƙi, har ƙara mata na yi."

"Wane maganin nawa?"

Ta ɗauko tukunyar ta buɗe masa. Saura kaɗan a gindi.

Sama'ilu ya zauna a ƙasa, yana kallon garin gawayin da ya ce a binne.

"Ko bai isa ba ne?" in ji Hajja Kaka.