Kunun Heluma

Hantsi bai gama dubawa ba aka kawo wa Firisila mijinta, leburori biyu riƙe da shi ta hammata, ƙafafunsa suna jan ƙasa. Chollom da ya fita da shebur a kafaɗa zuwa ramin kuza na Naraguta, shi ne yanzu yake tsintar wani abu a iska da yatsu biyu, yana zubawa a aljihun da ba shi da shi.

"Baban Suzana, ni ce."

Ya dube ta kamar yana duban bango. Baƙin idonsa ya buɗe har ya kusa cinye idon duka. Ta taɓa goshinsa ta janye hannu. Zafi zau, kuma a bushe ƙamas.

Leburorin suka ce faɗuwa ya yi a bakin ruwa, suka juya da sauri kada a ba wasu gurbinsu.

Surukarta, wadda kowa ke kira Ngo, ta leƙo, ta yanke magana nan take.

"Zazzaɓi ne. Ki rufe shi ya yi zufa. In zufa ta karyo, ya tashi."

Haka aka saba yi a ƙasar nan mai sanyi, kuma Firisila ba ta taɓa ganin ya ƙi ci ba. Ta ɗauko barguna biyu, ta aro na maƙwabta, ta haɗa da buhu. Ta hura garwashi a kasko ta tura gindin gado, ta toshe taga da tsumma. Chollom yana ture bargon, tana danne masa hannu tana rarrashi. Ya yi ta hira da mahaifinsa da ya rasu tun kafin yaƙin Hitila, muryarsa tana kartar maƙogwaro, ba yawu ko ɗigo.

Har la'asar ko alamar zufa babu.

* * *

Livinus, disfensan barikin leburori, ya jingine kekensa ya shigo yana tari saboda hayaƙi. Ya ɗaga fatar idon Chollom ya haska tocila. Baƙin idon bai ko motsa ba.

"Ya yi fitsari yau?"

"A'a, Malam."

"Wane ne ya rufe shi haka?"

Ngo ta gyara tsayuwa. "Ni na sa. Da haka na raine shi."

"Mama, cire duka. Fitar da wuta. Wannan ba zazzaɓi ba ne, zaƙami ne."

Firisila ta san zaƙami. Wa bai san shi ba? Ga shi nan a kowane juji da farin furensa da 'ya'yansa masu ƙaya, ko akuya ba ta kula shi.

"Mijina ba ya shan komai."

"Duk ƙungiyarsu na sha, madam. Heluma, shugaban leburorin, na daka 'ya'yan ya zuba a kunun safe, wai kada su ji sanyin ruwa. Mijinki ya samu gindin tukunya."

Ya zaro wata 'yar kwalba daga jakarsa ya nuna mata. Ya ce abin da ke cikinta ɗan'uwan abin da ke cikin zaƙami ne, amma shi an auna shi, ɗigo ɗaya ake sa wa ido. Tsiro kuwa bai san awo ba: na wannan juji ya yi sanyi, na wancan ya ninka shi. Shi ke kulle yawu, ya kulle fitsari, ya kulle zufa.

"Ko kin rufe shi kwana uku, zufa ba za ta zo ba. Dafa shi kike yi."

Firisila ta dubi hannuwanta, waɗanda suka wuni suna danne shi. Ngo ta ɗauki kaskon da kanta ta fita.

"To ka ba shi makarinsa," in ji Firisila.

"Ba ni da shi. Ruwan sanyi da tsumma, shi ke nan. Sauran na Allah ne."

"Ka gaya wa Baturen kamfanin kuza mana."

Livinus ya rufe jakarsa. "Na gaya sau biyu. Ya tambaye ni ko kuza ta ragu."

* * *

A rana ta uku Chollom ya buɗe ido ya nemi tuwo. Firisila ta durƙusa ta gode wa Ubangiji, sannan ta zauna ta ba shi labarin kaf: jan ƙafa, tsintar iska, hirar da mamaci. Ya saurara kamar ana ba shi labarin wani baƙo, har da 'yar dariya.

"Ni? Ke dai da ƙarin gishiri. Na sha kunu, na shiga ruwa, na farka a gadona."

Nan gabanta ya faɗi fiye da ranar da aka kawo shi. Tsiron ya share masa kwanakin tas. Ita aka bar wa tsoron duka, shi ko ɗan guntu bai samu ba.

"Don girman Allah, Baban Suzana, kada ka sake sha."

"Kin taɓa tsayawa cikin ruwan nan zuwa ƙugu, daga safe har yamma? Wanda ya ƙi kunu, rawar sanyi yake yi, heluma ya ce rago ne, ya kira na bayansa. Mutum nawa ke zaune a bakin rami suna jira?" Ya lashi leɓensa da ya tsage. "Zan riƙa karɓar na sama-sama."

Ta dubi Ngo ko za ta sa baki. Tsohuwar ta ci gaba da tsince acca a faifai.

Washegari da safe ya fito tsakar gida ya kare fuska da tafi, don har yanzu haske yana sukar idonsa. Sheburinsa na jingine a jikin rumbu. Ya miƙa hannu ya kama iska. Ya sake miƙawa, ya sake kuskurewa. Firisila ta tsaya tana kallo, Suzana a bayanta tana kukan koko. Da ya miƙa na uku, ta ɗauko sheburin ta sa masa a hannu.