Fom Ɗari Biyar

Sau ɗaya a shekara biyu ƙungiyar masu aikin famfo da bututun tururi take buɗe ƙofa ta ɗauki 'yan koyo, kuma fom ɗari biyar take rabawa, ko ɗaya ba ta ƙarawa. Ranar Litinin da ƙarfe tara za a yi rabon. Tun Juma'a layi ya naɗe ofishinsu na unguwar Queens ya gangara bayan gini, mutane da kujerun naɗewa da lema da kwalayen shimfiɗa, ga zafin watan Yuni yana dafa su a kan kwalta.

Osvaldo Tejada shi ne na ɗari uku da arba'in. Haka aka rubuta masa a bayan hannu da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki. Shekararsa talatin da bakwai, sha ɗaya daga ciki ya yi su a ƙarƙashin wani ɗan kwangila da ba ya cikin ƙungiya, yana shiga ramukan da maigidan ko leƙawa ba ya yi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ya san aikin ciki da bai, amma ya yarda ya koma ɗan koyo na shekara biyar saboda katin asibitin da ƙungiya ke ba 'ya'yanta da iyalansu. 'Yarsa Nilda asma gare ta, kuma ya gaji da tsayawa yana sauraren numfashinta yana shawara da kansa ko abin ya isa a je asibiti ko a ƙara jira.

Ƙungiya ba ruwanta da layi, ta ce masu layi su shirya kansu. Shi ya sa wani ƙato mai jan wuya da ake kira Duggan, wanda ubansa da kawunsa duk 'yan ƙungiya ne, ya naɗa kansa sarkin layi. Shi ke riƙe da littafi da maka. Sau uku a rana yake kiran suna, safe da sha biyu da shida na yamma. In an kira ka, ka amsa ka ɗaga hannu a ga lamba. Ba a amsa wa wani. Wanda bai amsa ba an soke shi, na bayansa su matso.

Banɗaki ɗaya ne duk jama'ar nan suka dogara da shi, na gidan abincin wata tsohuwa 'yar Girka, Madam Stavrula, wadda ta bar musu shi don tausayi. Ranar Lahadi da hantsi masai ya toshe. Ruwa ya malalo har ƙarƙashin teburan da mutane ke cin wainar ƙwai. Tsohuwar ta fito bakin titi tana goge hannu a gaban riga.

"'Ya'yana, an ce min dukanku masu gyaran famfo ne. Ba ko ɗaya da zai duba min?"

Mutum ɗari bakwai masu rantsuwa cewa bututu ne burinsu a duniya, sai kowa ya tuna yana da saƙo a waya. Osvaldo ya duba agogo, sha ɗaya da 'yan mintuna. Ya ce wa kansa aikin minti ashirin ne, ya tashi.

Ba na minti ashirin ba ne. Sai da ya kwance masan daga ƙasa ya jingine shi, ya samo wata tsohuwar wayar ƙarfe ta sokar bututu a ɗakin ajiyarta, da wayar ta gaza ya zura hannu har gwiwa. Abin da ya zaƙulo ba na faɗa ba ne, amma har da kofin roba da safa ƙafa ɗaya. Ya mayar da komai, ya ɗaure, ya kora ruwa sau uku ya ga ya wuce sumul. Sannan ya yi abin da duk mai wannan sana'a zai yi ba tare da tunani ba, ya dirje hannuwansa da bilic da sabulun wanke tukunya har fata ta yi ja. Da ya fito, sha biyu ta wuce da minti ashirin da biyar, bayan hannunsa kuma fes, ba ko ɗigon tawada.

Wani ya riga ya zauna a gurbinsa, an ture masa kujera gefe. Ya je ya sami Duggan yana cin burodi da nama a ƙarƙashin lema.

"Ina lambarka, ɗan'uwa?" in ji Duggan, bai ko daina tauna ba.

"Tana can inda ka zauna da safe. Ni na buɗe muku masan."

"Allah ya yi albarka. Amma na kira ɗari uku da arba'in har sau uku. In na ɗaga maka ƙafa, gobe wani zai ce kakarsa ce ta mutu."

Ran Osvaldo ya ɓaci irin ɓacin da ke sa murya ta yi ƙasa. Ya juya ga maƙwabtansa na layi, waɗanda suka kwana biyu suna cin ayabar da matarsa ta soyo masa, ya ce su faɗi gaskiya, ba a gabansu ya tashi ba? Suka ce wallahi ba a kyauta masa ba. Kowa ya faɗa da bakinsa, kowa kuma ya ci gaba da zama a inda yake, yana rufe sabuwar lambarsa da tafin hannu. Daga nan inda yake tsaye yana hango layin banɗakin ya dawo, mutane suna shiga suna fitowa da walwala. Haka ya wuni a tsaye a rana riƙe da kujerarsa, don ya rantse ba zai kai ta ƙarshen layi ba.

Ƙarfe shida, Duggan yana buɗe littafi, sai ga Madam Stavrula da mabuɗi a hannu. Ta ce ta ji labari. Ko a mayar wa yaron nan lambarsa, ko ta kulle banɗaki yanzu, kowa ya nemi inda zai tsuguna har Litinin. Nan take gaskiya ta sami masoya. Duggan ya ce to a ɗaga hannu, hannuwa suka tashi tun daga bakin ƙofa har inda ido ya tsaya. Har da tafi. Waɗanda suka sunkuyar da kai da rana su ne suka fi bubbuga masa kafaɗa, Osvaldo ya ji kamar ya tofa musu yawu. Adalcin da bai ci musu komai ba, na ɗari huɗu ya zama ɗari huɗu da ɗaya, fom ɗinsa na nan daram.

Duggan ya bi layi yana gyara lambobi. Can ƙasan layi ne Osvaldo ya ga ya daɗe a gaban wata mata mai hular walda a rataye a jaka. Na kusa da shi ya ba shi labari. Sunanta Marva, goge-goge take yi a wani asibiti tana koyon walda da yamma. Tun Juma'a take zaune a ɗari biyar da ɗaya tana jiran wani ya gaji. Da rana da aka soke Osvaldo aka mayar da ita ɗari biyar ta kira mahaifiyarta tana kuka da dariya, ta kuma kira wurin aiki ta ce ba za ta zo Litinin ba, duk abin da za su yi su yi. Yanzu an sake ƙara mata ɗaya.

Bai zalunce ta ba, ya sani. Gurbinsa ne. Amma garin da kowane gini ke yoyo, a ce takarda ɗari biyar kawai za a iya bugawa, a bar talakawa a titi suna ƙirga hannun juna, masu ofis kuwa ko labule ba su ɗaga ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Litinin ƙarfe tara aka buɗe. Wajen sha ɗaya Osvaldo ya karɓi nasa, takarda ɗaya gaba da baya. Bai tafi ba, ya tsaya tsallaken titi yana fatan an yi kuskuren ƙirga. Ba a yi ba. Mutumin da ke gaban Marva ya shiga, wani mai rigar ƙungiya ya fito ya ce sai bayan shekara biyu, ya ja ƙofa.

Marva ta naɗe kujerarta ba gaggawa, ta tsallako. Ya shirya wa zagi, ya ma fi son zagin.

"Kai ne mai banɗakin?"

Ya ce shi ne.

"Ba ni takardar in ga yadda take."

Ya miƙa mata. Ta goge hannu a wando kafin ta karɓa, ta karanta gaban a hankali, ta juya bayan ta karanta har ƙananan rubutun da ke ƙasa, sannan ta mayar masa.

"Da baƙin biro suka ce a cike. Kada ka sa shuɗi su yar da ita."