Matar da ruwa bai ci kayanta ba

Keturah ta daɗe tana sayar da bandar kifi a babbar kasuwar Jimeta. Rumfa biyu gare ta, da wurin banda a bakin kogi, kuma da kifin nan ta gina gidanta a Karewa bayan rasuwar mijinta. Ba mace ce mai son a ji tausayinta ba. Ko ranar jana'izar mijin, ita ce ta riƙa rarrashin masu kuka.

Shi ya sa ta rasa gane kan zancen wata Asabar da safe, da matan zumunta na cocinsu suka yi mata sallama da buhun masara da galan ɗin manja da ƙullin tsofaffin zannuwa. Shugabarsu, Mama Fibi, ta kama hannunta tana tambayar me ya sa ta ɓoye musu, ai ba abin kunya ba ne ambaliya ta share wa mutum sana'a. Keturah ta ce ruwan bana ko itacen bandarta bai jiƙa ba. Matan suka kalli juna. Sai Mama Fibi ta ciro waya ta miƙa mata.

Fuskarta ce, babu tantama. Tana zaune ta yi tagumi a bakin Binuwai, gabanta kwando babu ko kifi ɗaya, bayanta jinkar wata bukka ta nutse a ruwa. Zanenta ya yage a gwiwa. An cire mata 'yan kunne, an zurfafa mata ido, an ƙara mata tamoji a goshi. Hoton bai yi kama da wanda aka ɗauka da kyamara ba, sai ka rantse wani ne ya zauna da burushi ya zana shi da fenti. A ƙasa an rubuta "Bayan Ambaliya", da sunan wanda ya yi aikin, Hosea.

Hosea ɗan ƙanin mijinta ne. A gidanta ya zauna har ya gama makaranta, yanzu kuma sana'arsa gyaran hoto a kwamfuta: a kawo masa hoton biki ko na marigayi, ya mai da shi kamar zanen hannu. Nan take ta tuna ranar. Zazzaɓi ne ya kama ta a rumfa, ta zauna a benci ta dafe kai, ya zo ya ɗauke ta hoto. Ta ce ya raba ta da shiririta, ya yi dariya ya wuce.

Ta yi wa matan godiya da murya a ƙasa, ta ce su kai kayan can ƙauyukan da ruwa ya ci da gaske. Suna fita ta shiga ɗaki ta ɗaura ɗankwali. Ɗaya daga cikin matan ta riga ta gaya mata cewa an rataye babban hoton a zauren wani otal, inda matasa masu zane suke baje kolin ayyukansu. Ta sa leshinta mafi tsada, ta tari keke napep.

Hoton shi ne na farko da mutum zai gani in ya shiga, ya kusa kai tsawon ƙofa. Mutane sun taru a gabansa, Hosea na tsakiyarsu yana bayani. Ta tsaya a baya ta saurara. Yana faɗa musu yadda ya yanke matar daga inda take, ya ɗora ta a kan wani hoton kogi da ya ɗauka daban, ya jera su bisa juna, ya dushe launin, sannan ya bi fuskar da burushin kwamfuta har ta koma ta fenti. Ya ce yagewar zanen kaɗai ta cinye masa yini guda. Wani mai gilashi ya girgiza kai ya ce baiwar Allah, ko tana raye ma yanzu?

"Tana raye," in ji Keturah. "Ga ta nan."

Aka juyo. Hosea ya yi murmushin dole, ya matso yana cewa Mama, da ma yana shirin zuwa ya ɗauko ta ta gani.

"Wa ya yaga min zane?"

Ya ce fasaha ce, ba ita ba ce a hoton, duk wata mace ce da ruwa ya raba da abincinta. Fuskar kawai ya ara, saboda tana da irin kallon da yake nema.

"Ka ara? Wa ka tambaya? Uwarka tana nan da ranta a Numan, da fuskarta. Me ya hana ka ara tata?"

Ta ce a gidanta ya ci tuwo, ya san ko sau ɗaya ba ta taɓa fita da yagaggen zane ba, ko a shekarar da ta binne baffansa. Ta ce akwai matan da ruwa ya ci da gaske, ta san su da sunayensu domin a hannunsu take sayen kifi, amma bai iya shiga taɓo ya same su ba, sai ya zauna a ƙarƙashin fanka ya talauta ta da yatsa. Mai gilashin ya sa baki, ya ce ta yi haƙuri, aikin ya yi kyau ƙwarai, har baƙi daga Abuja sun yaba. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce in yana so a yabe shi ya cire rigarsa Hosea ya ɗauke shi hoto.

Ta sa hannu biyu ta ɗaga hoton daga ƙusa. Ma'aikacin otal ya taso zai hana, Hosea ya ɗaga masa hannu. Ta fito da shi a ka, fuskar na kallon ƙasa. Hoton ya ƙi shiga keke, sai da aka ɗaure shi a saman rufi. A gida ta yanka shi da wuƙar kifi, firam ɗin kuma ta sa a murhu.

Amma na waya ba ya ƙonuwa. Ruƙayyatu, maƙwabciyarta a kasuwa, ta gaya mata cewa har 'yan'uwanta na cikin Yola sun turo mata suna tambayar ko Adda Keturah ce. Wani dillali da ke kawo mata kifi ya fara kai wa wata, don ya ji an ce ta karye. Sai da ta je har bakin kogi ta zazzage shi a gaban masunta kafin ya dawo hanya. Duk wanda ya gaishe ta da taushin murya, sai ta ɗauke kai.

Mahaifin Hosea ya taso daga Numan ba da haƙuri. Ya ce yaro ya goge hoton, ya kuma rubuta a shafinsa cewa matar ba ta yi asarar komai ba. Keturah ta ce mutum nawa suka karanta wannan, mutum nawa suka ga wancan? Da ya matsa, ta ce ta yafe domin ita ma tana neman gafara wurin Allah, amma kada Hosea ya ƙara tako mata rumfa.

Hosea ya gwada wata dabara. Ya samo hotonta na bikin 'yarta, ya gyara shi, ya sa mata sarƙar zinariya da kujera irin ta manya, ya goge duk wani layi a fuskarta, ya aiko a firam mai ruwan gwal. Ta duba sau ɗaya. Ta ce wa wanda ya kawo ya mayar, ya gaya masa ba ta da irin wannan sarƙar, kuma hancinta bai kai haka tsawo ba.

Da Kirsimeti dangi suka taru a gidanta kamar kullum. Hosea ya zo a makare, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ta sa aka zuba masa shinkafa. Da aka jeru za a yi hoton iyali, ta ce su yi abinsu, ta koma kicin ta ci gaba da suyar nama.