Baiti na Uku

Lorene Tackett tana ƙoƙarin cusa motarta tsakanin wasu motoci biyu a harabar gidan jinyar tsofaffi sai wayarta ta yi ƙara. Garrett ne, mutumin kamfanin waƙa.

"Anti Lorene, kin ga jadawalin waƙoƙin da ke tashe na yau? Mun hau lamba ɗaya. Daga Nashville har Texas, duk rediyon da ke sa waƙoƙin kantiri, kiɗanmu na karkarar Amurka, mu yake sawa."

"To, madalla."

"Madalla kawai? Shekara talatin da huɗu waƙar nan tana gararamba kamar akuyar da ba mai ita. Ranar Alhamis akwai walima, ki zo mana da tsohon."

"Tsohon ko cokali ba ya iya riƙewa, Garrett."

Ta kashe wayar, ta ɗauki burodin masarar da ta gasa wa yayanta, amma ta daɗe ba ta buɗe ƙofar motar ba.

Yayan nata, Doyle, shi ya rubuta "Gonar Bakin Rafi" a shekarar da ruwan madatsa ya cinye gonar mahaifinsu a Kentucky. Shi ya fara rera ta a wani ɗan situdiyo, da makaɗa uku, a ɗauka ɗaya. Kamfanin ya rufe kafin faifan ya fito. Bayan shekara tara wata mawaƙiya ta ɗauka, waƙar ta leƙa lamba hamsin da takwas, mako biyu ta ɓace. Bana kuma sai ga Cade Whitlow, matashin mawaƙin da ake yayi, yana so, amma da sharaɗi: a cire baiti na uku, inda Doyle ya ba da labarin yadda suka tono kabarin mahaifiyarsu suka mayar da shi kan tudu kafin ruwa ya iso.

"Ba mai son jin zancen kabari yana tuƙi zuwa wurin aiki," in ji Garrett a lokacin. Suka sa wani baiti a kan budurwa mai wasa da ruwa a bakin rafi.

Sau biyu a baya an nemi Doyle ya yarda da haka, sau biyu ya ɗauki hularsa ya fita. Amma yanzu ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya mutu, sa hannu ya dawo wurin Lorene. Likita ya ce mata zuciyarsa ba za ta kai baɗi ba. Ita dai so take ya ji waƙarsa a rediyo ko sau ɗaya, sai ta sa hannu. Wata biyar ke nan tana neman bakin da za ta faɗa masa.

Tana shiga falo ta tarar an jera tsofaffi a kekunansu na marasa lafiya, Doyle a tsakiya, an taje masa gashi. Shonda, ma'aikaciyar jinya, tana murɗa rediyo.

"Ga ƙanwar tauraro nan. Anti, ashe kina ɓoye mana babban mutum? Mai gabatarwa ya ce yanzu za su sa waƙar tasa."

"Shonda, bari in fara magana da shi tukuna."

"Maganar me kuma? Baba Doyle, ka shirya ko? Kada ka yi kuɗi ka manta da mai yi maka wanka."

Wani tsoho ya yi dariya har da tari. Kafin Lorene ta ajiye burodin, kiɗan jita ya fara.

Doyle ya ɗago kai. Ya gane waƙar tun kafin a buɗe baki. Hannunsa mai lafiya ya soma bubbuga hannun keken, daidai da kiɗan, gefen bakinsa yana motsi. Lorene ta durƙusa kusa da shi.

"Yaya," ta ce a hankali, "akwai abin da na yi."

Bai ji ta ba. Baiti na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, yana lumshe ido. Da amshi ya ƙare ya ja numfashi, kamar mai shirin ɗaga kaya mai nauyi.

Muryar matashin ta shigo da budurwa da ƙafafunta cikin ruwa.

Hannun ya tsaya. Doyle ya saurara har ƙarshen baitin, sannan ya juyo da idonsa kan Lorene. Ya buɗe baki, abin da ya fito bai zama kalma ba. Ya sake gwadawa. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya shanye.

Tsofaffin suka tafa, masu iya tafi.

"Ku dube shi, bawan Allah," Shonda ta ce tana share nata idon. "Kukan daɗi yake yi."

Lorene ta ciro hankici ta kai fuskarsa. Ya kawar da kai, iyakar inda wuyansa ke iya kaiwa, ba nisa. Ta bi shi ta share.